Wasiƙun Alhaji Ba Su Cika Ba

A Fagge ta birnin Kano an yi wani Alhaji, dillalin fata, mai sayar wa Turawan Italiya fatun awaki da na tumaki. Duk cinikin da ya ƙulla da su cikin shekara goma yana cikin wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, a manhajar wasiƙu ta Outlook Express. An kuwa saita manhajar a kan tsarin POP, wanda da zarar wasiƙa ta sauko sai a goge ta daga intanet. Abin da ke cikin kwamfutar nan ba shi da na biyu a ko'ina.

A Afrilun 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da XP. Wannan bai dami Alhaji ba. Abin da ya dame shi, tsararrakinsa duk sun koma 'yar tafi-da-gidanka. Ya sayi sabuwa mai Windows 7, ya yi cinikin tsohuwar da wani mai gyara, har ya karɓi kafin alƙalami a kan za a zo ɗauka bayan la'asar. Sannan ya kira Auta, ɗan ƙanwarsa, ya ce ya kwashe masa wasiƙunsa zuwa sabuwar.

Auta ya ce, "Kawu, ai sabuwar ba ta da Outlook Express, sai dai a koma Thunderbird." Alhaji ya tambayi kuɗinta. Da ya ji kyauta ce, ya sa albarka.

Yaron ya san aikinsa. Ya san tsohuwar manhaja tana ajiye kowane rukunin wasiƙu a fayil mai suna dbx, sabuwar kuma mbox take amfani da shi, don haka sai an juya. Ya fara sa Thunderbird a tsohuwar kwamfutar, domin a nan take iya jawo su. Kafin azahar aiki ya kammala, allo ya nuna an gama.

Akwai wani tsohon akawu a ofishin, wanda har gobe da biro da littafi yake aiki. Yana naɗe hannun riga zai yi alwala, ya tambayi Auta nawa suka fita, nawa suka shiga. Auta ya yi dariya ya ce, "Baba, na'ura ce ta ce an gama." Tsohon ya ce shi ma direba cewa yake yi an gama lodi, amma bai taɓa hana shi ƙirga fata a bakin sito ba. Ya wuce masallaci abinsa.

Auta ya zauna shi kaɗai. Don dai ya fita haƙƙin tsoho, ya duba. Wasiƙun da suka shigo sun cika cif. Waɗanda Alhaji ya aika kuwa, sama da 300 babu. Ya bincika, ya ga fayil ɗinsu ya kumbura da hotunan fata har ya kusa gigabait 2, iyakar da tsohuwar manhajar ke iya ɗauka.

Ya dubi agogo. In ya yi shiru, ba mai sani: Alhaji ba ya waiwayar tsohuwar wasiƙa, akawu bai san inda ake dannawa ba, mai gyara kuma daren yau zai wanke kwamfutar tas. In ya yi magana, kafin alƙalami zai koma, za a ƙona man janareta, kuma shi da ya yi wa tsoho dariya shi zai ce aikinsa bai cika ba. Ya rufe kwamfutar. Ya buɗe. Har ya naɗe wayoyinta ya ɗaure. Da ya ji sallamar Alhaji a ƙofa, sai ya kwance su.

Alhaji ya yi faɗa ƙwarai, mai gyara ya karɓi kuɗinsa ya tafi yana ƙunƙuni. Auta ya kwafi fayilolin dbx a filashi tukuna, sannan ya rarraba wasiƙun shekara-shekara, ya matse fayil ɗin yayin da janareta ke ruri, don in wuta ta ɗauke ana tsakar matsewa wasiƙu kan lalace. Ya sake juyawa. Sai bayan isha'i lissafi ya daidaita, akawu ya rubuta adadin a littafinsa.

Damina ta wuce, sai gardama ta tashi. Wani Bature ya ce Alhaji ya yi masa alkawarin ragi a kan fatu masu daraja ta biyu. Alhaji ya rantse bai yi ba, ya ce Auta ya nemo hujja a kunyata mutumin. Auta ya nemo. Ga wasiƙar Alhaji, ga kwanan wata, ga ragin ɓaro-ɓaro.

Alhaji ya karanta sau biyu. Ya tambaya ko tana cikin waɗanda suka maƙale ranar nan. Auta ya ce tana ciki. Akawu ya duƙufa a kan littafinsa kamar bai ji ba.

Can Alhaji ya nisa, ya ce a cire wa Bature raginsa. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ciro makullin sito daga aljihu ya miƙa wa Auta, ya ce motar Sakkwato na isowa gobe da asuba, shi zai ƙirga kayan.