Shanyewar Ɓarin Jiki: Kada Mu Sayar da Gona Mu Sayi Gwaji

Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da cuta, mai saukar da waraka. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, a makon jiya an nemi taimako bayan sallar isha'i saboda wani dattijonmu mai sayar da albasa a nan Rumuokoro. Shekara guda ke nan da hawan jini ya kayar da shi a rumfarsa, hannu da ƙafar dama suka shanye. Yanzu 'ya'yansa sun ga bidiyo a WhatsApp, wai akwai allurar ƙwayoyin halitta daga ƙasar waje, a biya miliyoyi mutum ya miƙe. Har sun fara maganar sayar da gonarsu ta gida. Shi ya sa muka ga shiru bai kamace mu ba.

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Amma dukiya amana ce, za a tambaye mu inda muka kashe ta. To, mu san ciwon tukuna.

Asalinsa a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ba. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe, sai sashen da ke juya hannun ya lalace. Cikin rahamar Allah, sauran sassan suna iya koyon aikin, kamar yadda direba ke bin lungu idan shataletalen Rumuokoro ya cushe. Sai dai sabuwar hanyar ba ta buɗewa sai da maimaita motsi kullum. Sauƙi ya fi saurin zuwa a watannin farko, amma ƙofarsa ba ta rufewa bayan shekara.

Ita waccan allura har yau gwajinta ake yi, ba ta zama tabbataccen maganin wannan ciwo ba. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa a ƙirji tana zaburar da wata jijiya ta wuya, amma ko ita sai an haɗa ta da atisayen hannu. Kun ga ko a can ba a tsallake gumi. Kuma gwajin gaskiya yana da ƙa'ida: a bayyana maka haɗarinsa, ka sa hannu da yardarka, ka fita lokacin da ka so. Wanda ya ce ka biya, tabbas za a warke, wallahi ciniki yake yi da hawayenka.

Abin da aka jarraba yana kusa da mu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, ta wajen Choba, yana da sashen gashi. Masu wannan aiki kan hana hannu mai lafiya aiki na wasu awanni don a tilasta wa mai rauni ɗaukar cokali ko jan carbi. Har madubi suna amfani da shi. Wanda ya koma gida kuwa, ya ci gaba a Asibitin Malam Aminu Kano ko makamancinsa.

Mu ma da laifinmu. Mun saba ɗora majinyaci a motar da ta sauke kaya, a kai shi Arewa, shi ke nan an manta. Alhali matarsa ce ke ɗaga shi, ta wanke shi, ita kaɗai. Ina zumuncin? Mu raba kwanaki: wani ya kai shi asibiti, wani ya tsare masa rumfa, wani ya riƙo shi zuwa Juma'a. In bai iya tsayuwa ba ya yi sallarsa a zaune, shari'a ta yi masa rangwame.

Mu kuma masu lafiya, mu riƙa auna jini, mu rage gishiri, kada a bar shan magani don an ji sauƙi. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take. A yi addu'a a cikin mota, domin awannin farko suna da tsada.

Abin da aka tara, kwamiti ya ware shi ga kuɗin gashi da na mota. Gona ta zauna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu haƙurin Annabi Ayyuba, Ya sa kaffara ce, Ya saka wa masu jinya da alheri. Amin.