Wa Zai Yanke Shawara Sa'ad da Ciwon Ya Tashi?

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7

Ɗan'uwana mai karatu, akwai wani ciwo da likitoci suke kira baifola. Mai wannan ciwo yakan yi kwanaki ko makonni yana sama: barci ya ƙaurace masa amma ba ya jin gajiya, magana ba tsayawa, kuɗin cefanen wata ya ƙare a yini guda. Daga baya sai ya faɗo ƙasa, baƙin ciki ya danne shi, tashi daga shimfiɗa ma ya gagara, har wani ya fara tunanin kashe kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne suke fama da shi. Wasunsu suna zaune kusa da mu a majami'a kowace Lahadi.

Wataƙila kai ma kana cikinsu. Ka yi shekara biyu kana shan magani, kana zaune lafiya, sai ga alamun sun dawo. Za ka ƙara maganin ne, ko ka daina, ko ka nemi wani? Wa ma yake da ikon yanke wannan shawara?

Za ka ce, “Ai jikina ne.” Gaskiyarka, kai ne ka san yadda kake ji. Amma wannan ciwo yana taɓa hankalin da kake auna shawara da shi. In tiya ta lotsa, mai awo yana iya zama mai gaskiya, awon kuwa ya fito ba daidai ba. Sa'ad da kake sama, ciwon yakan raɗa maka cewa ka warke sarai. Sa'ad da kake ƙasa, sai ya ce maka ba abin da zai taimake ka. Dukansu biyu suna kai ka wuri ɗaya: ka ajiye magani.

Na taɓa ganin wani ɗan'uwa ya miƙe a lokacin shaida ya ce ya zubar da ƙwayoyinsa saboda bangaskiya. Muka tafa masa, har da ni. Bayan wata biyu muka raka shi asibiti. Na tuba a kan wannan tafi. Dubi karatunmu na yau: Allah ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Alkawarin Allah bai hana a yi magani ba. Ka sani kuma, maganin litiyam, wanda likita John Cade ya nuna amfaninsa a Ostireliya a 1949, in aka yanke shi farat ɗaya ciwon yakan dawo da sauri, haɗarin kashe kai kuma ya ƙaru. In ma za a daina shi, likita yakan rage shi ne a hankali cikin makonni.

To, ashe sai ka yi shiru ka ci gaba da haɗiya? A'a. Wani lokaci maganin yana bukatar canji ƙwarai, ɓoye wa likita halin da kake ciki kuwa rashin gaskiya ne. Kafin a ɗora wa magani laifi, likita zai so ya san wasu abubuwa. Kana tsallake kwanaki don kuɗi sun yanke? A kantin magani ka saya, ko a hannun mai talla? Kwana nawa ka yi ba isasshen barci? Rashin barci kaɗai yana iya tayar da ciwon, ko da wurin addu'ar kwana ka rasa shi. Ka sha giya ko tramol? Wani ya ba ka maganin baƙin ciki? Irin wannan magani shi kaɗai yana iya jefa mai baifola sama.

Akwai kuma lokacin da ba a jira ranar da likita ya sa. Zafin bazara, zufa mai yawa, gudawa, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya sa litiyam ya taru a jini. In ka ga hannu yana rawa sosai, da amai, da tangaɗi, harshe kuma ya yi nauyi, kada ka ƙara shan ko ƙwaya ɗaya, ka tafi asibiti a ranar. Haka ma in tunanin kashe kai ya zo maka, ka faɗa wa wani nan take, ku tafi tare. Ke kuma 'yar'uwa, in maganinki Depakine ne, ki sani yana lahanta jariri a ciki: kusan ɗaya cikin 10 ana haifarsa da naƙasa. Ki yi magana da likita tun kafin ki ɗauki ciki, in kuwa cikin ya riga ya shiga, ki je maza, amma kada ki daina da kanki.

Ga amsata ga tambayarmu. Shawarar taka ce, amma ka yanke ta tun kana lafiya. Ka zauna da matarka ko wani amintacce daga cikin dattawan ikkilisiya, ku rubuta alamun da ciwonka yake farawa da su, ka kuma ba shi izini ya kai ka wurin likita in ya gan su, ko da a ranar ka ƙi. A gaban likita kuwa ka buɗe baki: in ƙiba, ko yawan barci, ko tsadar magani sun fi ƙarfinka, ka faɗa, domin akwai wasu magunguna. Ku kuma dangi, kada ku mai da shi ƙaramin yaro. In ya natsu, ku tambaye shi abin da yake so.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka san mu fiye da yadda muka san kanmu. Ka ba mu tawali'u mu karɓi taimako, ka ba likitocinmu hikima, ka tsare masu fama da wannan ciwo a daren nan. Cikin sunan Yesu, Amin.