Filash Mai Zurfin Ciki

Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, amma filash yana iya haɗiye takardun ofis guda bai cika ba. Na farkon da suka shigo kasuwa a shekarar 2000 megabait 8 kawai suke ɗauka, yau kuwa mai gigabait 64 ba abin a waiwaya ba ne. Ƙanƙantar da ta sa ake son sa ita ce ke jawo masa ɓata. Ya zame daga aljihu, ko a bar shi a jikin kwamfutar shagon buga takardu, ko ya bi riga zuwa wurin wanki.

Filash ɗin da ba a kulle ba bai san tambaya ba. Duk kwamfutar da aka soka shi, nan take zai zazzage mata cikinsa. A watan Oktoban 2017 wani mutum ya tsinci irinsa a kan titi a yammacin Landan, ya je ɗakin karatu ya buɗe, sai ga bayanan da suka shafi tsaron filin jirgin saman Heathrow a shimfiɗe, babu ko kalmar sirri. A 2018 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar filin jirgin fam 120,000. A watan Yunin 2022 kuma wani ma'aikacin kamfanin kwangila a Japan ya yar da jakarsa bayan ya yi tatul da giya, a cikinta akwai filash mai ɗauke da bayanan mazauna birnin Amagasaki su wajen 460,000. Sakacin iri ɗaya ne. Sai dai wannan an sakaya bayanansa, da aka gano jakar kuma ba a ga alamar wani ya kai ga abin da ke ciki ba.

Yadda sakayawar take aiki shi ne abin lura. Mutum zai ɗauka kwaɗo ake sa wa bakin filash ɗin, takardu suna nan a bayansa yadda suke. Ba haka ba ne. Rubutun kansa ake sauyawa. Tsarin da aka fi amfani da shi, AES, wanda wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira kuma Amurka ta amince da shi a 2001, yana yanka bayani gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bait 16. Sai ya cakuɗa kowacce da mabuɗi, ya musanya, ya jujjuya, zagaye 10 ko 12 ko 14 gwargwadon tsawon mabuɗin. Ana yin wannan ne a daidai lokacin da fayil yake shiga, kafin ya kwanta a ciki. Ko da wani ya fasa filash ɗin ya ciro ƙwayarsa, tarin lambobi marasa kai da gindi zai tarar. Iyakar ikonsa shi ne ya goge komai ya samu filash na banza. Zai iya ɓatawa, ba zai iya karantawa ba.

Wanda ya fara tunanin wannan dabara bai yi alkawarin filash ba zai ɓata ba. Ya sallama cewa wata rana zai faɗa hannun da bai dace ba, sai ya yi shiri tun ranar ajiya.

Haka Allah ya yi wasu bayinsa. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma kowace unguwa tana da mutum ɗaya ko biyu da ake kai wa maganar aure mai tangal-tangal, ko ta bashin da ya hana barci, ko ta cutar da ba a so dangi su ji tukuna. Irin wannan mutum yana shiga majalisa kamar kowa, ya yi hira, ya yi dariya. Masu bugun ciki su kewaya ta gabas, su ɓullo ta yamma, su tashi hannu rabbana. Ba a wurin yake kokawa da harshensa ba. Tun sa'ar da maganar ta shiga kunnensa ya riga ya yanke cewa ba tasa ba ce. Wanda ya bar shawarar sai ranar da aka tambaye shi, a cikin raha ko a cikin fushi, sau da yawa kafin ya farga ta riga ta fita.

Amma kullewa tana da nata haɗarin. Filash bai san fuskar mai shi ba, kalma kawai ya sani. Stefan Thomas, wani masanin kwamfuta a San Francisco, ya ajiye mabuɗan bitkoyin 7,002 a cikin wani filash mai suna IronKey, wanda ke rufe kansa har abada idan aka yi kuskuren kalmar sirri sau 10. Takardar da ya rubuta kalmar ta ɓace. Zuwa 2021, lokacin da labarinsa ya bazu, ya gwada sau 8 bai dace ba. Dukiyar tasa ce, tana hannunsa, ta kuma fi ƙarfinsa. Akwai masu zurfin cikin da suka kai haka: su rasu ba wanda ya san wa suke bi, wa ke bin su, ko amanar wa ke hannunsu. Magada su shiga ruɗani, masu haƙƙi su yi asara. Shi ya sa BitLocker To Go, wanda ya zo tare da Windows 7 a 2009, ba ya barin ka gama kullewa sai ya miƙa maka mabuɗin ko-ta-kwana mai lamba 48, ya ce ka adana.

Wani abu kuma, da zarar ka buɗe filash a kwamfuta mai ƙwayar cuta, sakayawar ta daina amfani a wannan zaman. Sirri ya fi zuba a gaban wanda aka amince wa.

Idan filash ɗinka yana ɗauke da sunayen ɗalibai, ko takardun marasa lafiya, ko albashin ma'aikata, ka tuna masu su ba su san yana yawo a aljihunka ba. Ka sakaya shi yau, da BitLocker ko da VeraCrypt wanda kyauta ne. Lambobin ko-ta-kwanan kuma ka rubuta su a takarda, ka ajiye a wurin da ba tare da filash ɗin ba, ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda take.