Darasi na Goma Sha Ɗaya: Yaron da Ba Ya Amsa Kira

Abin karantawa: Markus 7:31-37, Yohanna 9:1-7, 1 Korantiyawa 12:14-26.

Ayar haddacewa: Markus 7:37.

Gabatarwa

'Yan'uwa ƙaunatattu, a cikin gidajen masu bi na Mubi da kewayenta, daga Lokuwa har Vimtim da Kwarhi, akwai waɗansu yara da ba a cika ganinsu a ɗakin sujada ba. Jikinsu lafiya lau, kunnensu yana ji, amma idan an kira sunansu ba su waiwaya ba. Wani ya kai shekara huɗu bai ce “Mama” ba. Wani yana magana, amma abin da aka faɗa masa shi yake maimaitawa. Ba ya duban idon mutum. Yakan jera duwatsu ko marafan kwalba a layi, idan an taɓa ɗaya sai kuka ya tashi. Yakan toshe kunnuwansa sa'ad da aka buga ganga.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo kuwa mukan ji ana cewa galahanga. Iyayen irin waɗannan yara suna ɗauke da kaya mai nauyi, sau da dama kuma a ɓoye suke ɗauke da shi. Bari mu duba abin da Maganar Allah za ta koya mana a kansu.

1. Laifin wane ne?

Cikin Yohanna sura 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho. Tambayar da ta fara zuwa bakinsu ita ce ta neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da tambayar ɗungum. Ya wanke mutumin, ya wanke iyayensa, ya juya hankalin almajirai zuwa ga aikin da Allah yake nufin yi.

Har wa yau tambayar almajirai tana nan a bakinmu. Wani ya ce kishiya ce ta yi sammu. Wani ya ce uwar ta bi bakin Kogin Yedzaram da almuru tana da ciki, aka musanya mata ɗa da ɗan ruwa. Wani kuma ya ce uban ya ba da hankalin yaron domin neman dukiya. Saboda irin wannan magana aure ya mutu a gidaje, an kai yara wurin boka an yi musu tsaga da hayaƙi, an ɗaure waɗansu a ƙuryar ɗaki.

Kada mu zaci mutanen ƙasarmu kaɗai suka yi wannan kuskure. A shekarar 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan hali a rubuce, bayan ya lura da yara 11. Shekaru da dama bayan haka masana na can suna ɗora wa uwaye laifi, wai rashin ƙaunarsu ne ya jawo. Bincike ya rushe wannan zance. A shekarar 1998 kuma wani likita a Ingila ya ɗora laifin a kan allurar rigakafin ƙyanda. Aka bincika aka iske maganarsa ba ta da tushe, mujallar da ta buga ta kuwa ta janye ta a shekarar 2010. Saboda haka kada kowa ya hana ɗansa rigakafi domin tsoron wannan.

Abin da aka sani shi ne, ƙwaƙwalwar yaron ta ginu bisa wata hanya dabam tun yana ciki, gado kuma yana da babban rabo a ciki. Ba a ɗaukarsa wurin wasa ko cin abinci tare. Wani lissafi da aka buga a shekarar 2022 ya nuna wajen yaro ɗaya cikin 100 a duniya yana da shi, an fi kuma samunsa ga maza. Ikilisiyar da take da yara 300 a makarantar Lahadi, sai ta tambayi kanta ina nata suke.

2. Yadda Ubangiji ya yi da mutumin Dikafolis

Yanzu mu koma ga Markus sura 7. Mutumin nan kurma ne mai i'ina. Littafi Mai Tsarki bai ce yana da otizim ba, mu ma kada mu ce. Amma shi mutum ne wanda magana ba ta kai gare shi yadda take kai wa sauran mutane, tasa kuma ba ta fita. Mu lura da abu huɗu da Yesu ya yi.

Na fari, ya janye shi daga taron, su biyu kaɗai. Ubangiji ya san hayaniya da idanun jama'a nauyi ne ga irin wannan mutum. Yaro mai otizim yakan ji ƙara fiye da yadda mu muke ji. Lasifika da ganga da guɗar biki suna iya zama masa kamar ana soka masa tsinke a kunne. Sa'ad da ya faɗi yana birgima a kasuwa, sau da yawa abin ya fi ƙarfinsa ne. Bulala tana ƙara wutar. A ɗauke shi zuwa wuri mai shiru, a jira.

Na biyu, ya yi masa magana da harshen da zai gane. Ya taɓa kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Da hannu da ido ya sanar da shi abin da zai yi, da kuma inda taimakon yake fitowa. Mai iko duka bai ce wa kurman sai ya hau zuwa wurinsa ba. Shi ne ya sauko. Haka waɗanda suka kawo bishara Garkida a shekarar 1923, su Stover Kulp da Albert Helser, suka zauna suka koyi Bura, gama sun san saƙo ba ya shiga zuciya da harshen da mutum bai sani ba. Yaron nan yana da nasa harshe. Jan hannu da yake yi zuwa wurin randa magana ce. Kaɗa hannuwa da yake yi, wani lokaci murna ce, wani lokaci tsoro. Aikin iyaye na farko shi ne su koyi wannan harshe.

Na uku, ya yi ajiyar zuciya. Wahalar mutumin ta taɓa shi. Uwa, sa'ad da kika yi kuka da dare domin ɗanki, ki sani Mai Cetonki ya riga ki yin wannan nishi. Gajiyarki ba rashin bangaskiya ba ce.

Na huɗu, kalma ɗaya tak ya furta. Bai yi masa doguwar magana ba. Mu ma mu gajarta tamu: “Zo.” “Zauna.” “Ruwa.” Mu faɗa, mu nuna abin, sa'an nan mu dakata mu ba shi zarafin amsawa.

3. Addu'a da aiki

Mutumin Dikafolis ya warke nan take. Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan: Allah bai yi alkawarin haka ga kowane gida ba. Bulus ya roƙa sau uku a kawar masa da ƙayarsa, aka ba shi alheri maimakon abin da ya roƙa (2 Korantiyawa 12:7-9). Ba a sami wani magani ko allura da ke kawar da otizim ba. Duk wanda ya ce ku kawo akuya ko kuɗi ya fitar da shi cikin kwana bakwai, ko boka ne ko mai riƙe da Littafi a hannu, ku guje shi. Kada a sa yaro azumi, kada a doke shi da sunan fitar da aljani.

Amma yaron yana koyo, idan an fara da wuri kuwa ya fi. Ga abin da iyaye za su yi.

Idan yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ko biyu ba ya amsa sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko kuwa ya fara magana sa'an nan ta ɓace, a kai shi asibiti. A fara da gwada jinsa, gama kurumta ma tana kama da haka. Daga Babban Asibitin Mubi ana iya neman takardar zuwa wurin likitan yara a asibitin koyarwa na Yola, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri. Waɗansu yaran suna da farfaɗiya tare da otizim. Ita wannan tana da magani, kada a yi sakaci da ita.

A tsara masa yini ya zama iri ɗaya: tashi, wanka, kunu, wasa, barci, kowanne a lokacinsa. Sauyi na ba-zata yana firgita shi. Idan za a tafi ƙauye gobe, a sanar da shi tun yau. Ana iya zana hoton kofi da kwano da tabarma a kwali, domin ya nuna abin da yake so.

A koya masa abu ɗaya ɗaya, a rarraba shi ƙanana. Sa riga aiki ne mai mataki huɗu ko biyar. A koya na farko har ya zauna kafin a shiga na biyu. Idan ya yi daidai a yabe shi nan da nan. Abin da yake ƙauna, ko ƙirga awaki ne ko waƙa, a mai da shi ƙofar koyarwa. Sannu ba ta hana zuwa.

A rufe rijiya, a lura da ƙofar gida, gama waɗansunsu sukan fita ba tare da sanin hatsari ba. Mu da muka ga gudun watan Oktoba na 2014, sa'ad da aka kama Mubi da Kwarhi mutane suka watse zuwa Yola da Kamaru, mun san yadda yaro yake rabuwa da iyayensa cikin taro. Wanda ba ya iya faɗin sunansa, a ɗinka masa sunan mahaifinsa da na unguwarsu a cikin riga.

4. Batun makaranta

Ikilisiya a ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa naƙasa ba ta hana karatu. A shekarar 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, a lokacin da mutane da yawa suke gani makaho sai bara. Yanzu kuma akwai doka: a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba su hakkin karatu. Uba, ka je wurin shugaban makaranta da kanka, cikin ladabi, ka bayyana masa halin ɗanka. Ka roƙa a zaunar da shi a gaba, nesa da taga, a bar shi ya fara da sa'a ɗaya ko biyu, a kuma hana yara tsokanarsa. Kada ka bar wa matarka wannan aiki ita kaɗai.

Yaran nan ba ɗaya suke ba. Wani zai kai jami'a, wani zai koyi ɗinki ko kiwo, wani kuwa zai bukaci mai lura da shi dukan kwanakinsa. Yaro na farko cikin 11 ɗin nan na Kanner, Donald Triplett, an kai shi gidan ajiye marasa lafiya yana ƙarami, amma bayan kamar shekara ɗaya iyayensa suka komo da shi gida. Mutanen garinsu suka karɓe shi. Ya gama kwaleji, ya yi aiki a banki shekaru masu yawa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowane yaro zai bi sawunsa ba, amma darajar kowannensu a gaban Allah ɗaya ce da tasa.

5. Rabon ikilisiya

Mu lura, mutumin Dikafolis bai zo da kansa ba. Waɗansu ne suka kawo shi, suka yi roƙo dominsa. Ba a faɗi sunayensu ba, amma ba domin su ba da bai sadu da Yesu ba. Bulus kuma ya koya wa Korantiyawa cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana ne, jiki ba ya iya rabuwa da su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata tana iya raba kwanaki, wata ta zauna da yaron domin uwarsa ta je kasuwa ko ta huta. Dattawa su keɓe benci kusa da ƙofa, a rage ƙarar lasifika. Idan yaron ya yi kuwwa ana cikin wa'azi, kada kawuna su juya. Malamin makarantar Lahadi ya koya wa yara su kira shi da sunansa, a daina ce masa wawa ko mahaukaci. A tuna da 'yan'uwansa na gida kuma, gama su ma suna ɗaukar nasu rabo na kayan. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin masu wannan hali, zarafi ne mai kyau na yin wa'azi a kai.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace amsa Yesu ya ba masu neman mai laifi cikin Yohanna 9? Waɗanne maganganu irin nasu muke ji a unguwarmu?
2. Don me Yesu ya janye kurman daga taro?
3. Ta yaya za mu yi addu'a da bangaskiya, mu kuma kai yaro asibiti da makaranta?
4. Akwai gidan da ya daina zuwa sujada saboda halin ɗansu? Wa zai ziyarce su cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka siffata kowane yaro tun yana cikin uwarsa. Ka gafarta wa jama'arka maganganun da suka ƙara wa iyaye nauyi. Ka ba uwaye da ubanni haƙuri da hikima su gane harshen 'ya'yansu. Ka ba malamai zuciya mai taushi. Ka buɗe kunnuwan ikilisiyarka ta ji waɗanda ba su iya kira. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.