KUƊIN DA KE JAKAR MATAFIYI: WANNE NE NASA, WANNE NE NA MUTANE?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya san titin Ibrahim Taiwo, daga bakin Kantin Kwari zuwa Singa, ya leƙa Wapa wajen 'yan canji, ya ƙarasa Sabon Gari, ya san hirar wurin ba ta rabuwa da tafiya. Wane ya tafi Dubai, wane yana Caina, wane ya wuce Kwatano, wane zai je Umra ya taho da abaya da turare. Abin kuma gado ne. Fagge kanta asalinta zango ce, inda ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a wajen ganuwa. Agalawa da Tokarawa sun taka har Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro, tafiyar watanni. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara.

Addini bai ƙi wannan ba. Allah Ya yi wa Ƙuraishawa gori da tafiyarsu ta hunturu da ta bazara, zuwa Yaman da Sham. Annabi (SAW) da kansa ya kai kayan Nana Khadija (RA) Sham kafin a aiko shi. A ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil an ambaci masu tafiya a bayan ƙasa don neman falalar Allah a jere da masu yaƙi saboda Allah. Ko a aikin Hajji, aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga wanda ya haɗa da kasuwanci.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne, yawancin tambayoyin da 'yan kasuwa ke aiko mini, da sulhun da ake kiran mu a kai, tushensu ɗaya ne. Mutum ya hau jirgi da kuɗi kashi uku a jaka guda: nasa na kansa, jarin ubangidansa ko abokin haɗin gwiwarsa, da kuɗin saƙo na mutane. Kafin ya dawo sun cakuɗe, shi kansa bai san wanne ne wanne ba. Alhali kowane kashi hukuncinsa daban.

1. KUƊIN SAƘO

Hajiya ta ba ka dala 2,000 ka sayo mata leshi. Maƙwabcin shagonka ya ba ka 5,000 ka ƙaro masa yadi. A nan kai wakili ne, wakili kuma amintacce ne. Idan kuɗin suka salwanta ba da sakacinka ba, babu biya a kanka. Amma ranar da ka zuba su cikin naka ka cike kuɗin kwantenarka, da niyyar "in na dawo na mayar", amanar ta koma bashi a wuyanka. Ko gobara ce ta ci kayan sai ka biya.

Sai maganar ragi. An ce ka sayo a kan 100, ka iya ciniki ka samu a kan 85. Wa ke da 15 ɗin? Mai saƙon ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya bai wa Urwatul Bariƙi (RA) dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, ya miƙa duka. Annabi (SAW) ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa, har ake cewa ko turɓaya ya saya sai ya ci riba. Ka ga, Urwa bai ce ai wayona ne ya kawo dinarin ba.

Wani zai ce: Malam, ni na biya biza, na biya tikiti, na sha zafin ƙafa a kasuwa, sai in yi wa mutum aikin banza? A'a, ba wanda ya ce ka yi aikin banza. Faɗa masa tun a Kano: la'adata kaza ce cikin ɗari, ko kuɗin awon kaya kaza ne a kilo. In ya yarda, halak malak. Ko ka saya da kuɗinka, ka kawo, ka sayar masa yadda kuka daidaita. Abin da bai halatta ba shi ne ka sa mai shago a can ya rubuta maka rasit na ƙarya, ka zo kana rantsuwa haka ka saya. Kamashon da mai shagon ya ba ka a ɓoye don ka kawo masa cinikin wani, shi ma ka sanar da mai kuɗin.

2. JARIN WANI

Wannan shi malamanmu ke kira ƙiradi, wasu su ce mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya juya, a raba riba da kaso sananne, rabi ko sulusi ko abin da aka amince. Imam Malik ya buɗe babin a Muwaɗɗa da labarin tafiya. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar (RA), sun biyo ta Basra, sai Abu Musal Ash'ari ya ba su dukiyar baitulmali su kai Madina, ya ce su sayi hajar Iraƙi da ita su sayar a can, su miƙa uwar kuɗi su riƙe riba. Da suka iso Umar ya tambaya ko duk rundunar aka yi wa haka. Suka ce a'a. Ya ce to don suna 'ya'yan Sarkin Muminai ne, su kawo uwar kuɗi da ribar duka. Ubaidullahi ya kawo hujja cewa da dukiyar ta halaka su za su biya. Daga ƙarshe aka mayar da abin ƙiradi, baitulmali ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba. Dubi yadda uba ya tsaya a kan kuɗin da ba na ɗansa ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, mai juya jari idan ya yi tafiya da dukiya mai yawa yana da abincinsa da tufafinsa daga cikinta. Amma gwargwadon al'ada. Masaukin da ɗan kasuwa irinka ke sauka, abincin da irinka ke ci, motar da za ta kai ka kasuwa. Kwana uku da ka ƙara don yawon buɗe ido, hawa dogon bene don ɗaukar hoto, sabuwar wayar amarya, tsarabar dangi, waɗannan daga aljihunka za su fito. Yaran shago da ake turawa sari, ku ji tsoron Allah a nan. Iyayen gida kuma, ku yanke wa yaro guzuri mai isarsa tun kafin ya tashi. Wanda ka tura ƙasar da ko ruwan sha sai da kuɗi, ka ba shi abin da ba zai kai shi mako ba, kai ka buɗe masa ƙofar ha'inci.

Kuma a sani, sharaɗin "ko an faɗi sai ka dawo mini da uwar kuɗina cif" yana ɓata ƙiradi. In asara ta zo ba da sakaci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiya, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa.

3. A RUBUTA

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wadda ke bi mata ta yi magana ne a kan matafiyin da bai sami marubuci ba, aka ce ya karɓi jingina. Mu yanzu marubucin yana aljihunmu, amma sai ka ji "haba, ni da Alhaji ai mun wuce haka." Wallahi zumuncin da na ga rashin rubutu ya kashe ya fi wanda rubutu ya taɓa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, abin ya ƙara tsanani, domin wanda ya ba da kuɗi yana lissafi da dala, wanda ya karɓa yana lissafi da naira, kowa kuma yana ganin shi ke da gaskiya.

Akwai kuma mutuwa, wadda ba ta neman biza. Ayoyin wasiyya a tafiya na Suratul Ma'ida, daga ta 106, sun sauka ne a kan wani mutumin Banu Sahm da ya fita fatauci ya rasu a hanya, abokan tafiyarsa suka kawo kayansa babu wani kofin azurfa mai adon zinare, daga baya aka ga kofin a Makka. In ka rasu a otal a Caina, wa ya san dala 5,000 ɗin da ke jakarka ta maƙwabcinka ce? Magada za su raba ta a matsayin gado, marayunka su ci haƙƙin wani ba su sani ba, kai kuma kana kabari ana bin ka. Kafin ka tashi ka rubuta: na wane kaza, ana bi na kaza, ina bin wane kaza. Ka bar kwafi wajen amintacce ɗaya a gida.

4. CANJI

Naira da dala da riyal jinsi ne daban-daban, don haka ya halatta a canza su a farashin da aka daidaita. Sharaɗin da hadisin Ubada bin Samit (RA) ya kafa a Sahihu Muslim shi ne hannu da hannu, kafin a rabu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke tun 1990 cewa shigar kuɗi asusun banki yana matsayin karɓa a hannu. To in ka tura naira a Wapa, alat ya shiga, aka miƙo maka dala, ciniki ya yi. Amma "ba ni dala 10,000 yanzu, in na dawo bayan wata biyu na biya ka naira a farashi kaza" canji ne da jinkiri, kuma ƙofar riba ce, wato kuɗin ruwa. In rance ne, dala ka ranta dala za ka mayar, ba ƙari. Ranar biya in kun so ku daidaita da naira, sai ku yi a farashin ranar, a biya nan take.

Dokar ƙasa ta ce wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa kwastan. Ka bayyana. In ka ɓoye aka kama aka ƙwace, sakaci ne, kuɗin mutanen da ke ciki suna wuyanka. Haka ƙullin da ba ka buɗe ka gani ba, kada ka karɓa ko daga wa yake. Ba mu manta 'yarmu ɗaliba da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba ta sani ba, sai bayan wata huɗu gaskiya ta fito aka sake ta. Wannan wadda ba ta ma karɓi komai ba ke nan.

5. NAKA NA KANKA

Ko a nan akwai tambaya: ta ina ka samu, a ina ka kashe. Shaƙatawa ta halal ba laifi ba ce, kallon ƙasar Allah ma abin so ne. Amma akwai jeri. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara na tsawon kwanakin da ba ka nan suna gaba da tikitinka. Bashin da lokacinsa ya yi yana gaba da Umra ta biyar. Mutum yana ɗora hotonsa a Harami, wanda ya ba shi atamfa bashi a Kwari yana kallo a waya, kuɗin haya ya gagare shi. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, haka ya tabbata a Bukhari da Muslim. Zakka ma tafiya ba ta ɗage ta. In shekararka ta cika kana waje, ka sa wakilinka ya yi lissafin kuɗi da haja ya fitar.

Sannan akwai abin da ba a faɗa a majalisa. Wani a Kano sahun farko ne, da ya sauka inda ba a san shi ba sai kuɗin sarin ya bi ta gidan rawa da ɗakin da bai kamata ba. Ɗan'uwa, Ubangijin Fagge Shi ne Ubangijin Dubai. Annabi (SAW) ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya umarci wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ka gama sari, ka ɗaure kaya, ka kama hanya.

Addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce. Amma a hadisin Abu Huraira (RA) da Muslim ya ruwaito, misalin da Annabi (SAW) ya kawo na wanda ake nisanta karɓar addu'arsa matafiyi ne: ya yi doguwar tafiya, kansa birkice, jikinsa ƙura, ya ɗaga hannu sama yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufafinsa haram ne. Dala 300 da ka danne daga saƙon wata bazawara mai sayar da leshi a gida ba ta kai ka sayar da wannan damar ba.

Wanda ya san akwai irin wannan a wuyansa daga tafiye-tafiyen baya, ƙofa a buɗe take. Ya zauna ya ƙiyasta, ya mayar wa mai shi ko magadansa, ko ya nemi yafiya ƙarara. Kunyar yau ta fi ta gobe sauƙi.

Allah Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya tsare matafiyanmu a sama da ƙasa, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya, Ya isar mana da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya biya wa masu bashi bashinsu. Amin.

Wallahu a'alam.