Taku Nawa Ne Tsakaninka Da Giwa?

Karatu: Farawa 1:26-28, 2:15

Ɗan'uwa, idan hunturu ya shigo, wajen Disamba zuwa Fabrairu, za ka ga matasa daga Zangon Kumasi suna haɗa kuɗi su ɗauki mota zuwa arewa. Su bi ta Techiman da Kintampo, su ratsa Damongo, su kai Larabanga, bakin gandun dajin Mole, wanda ya fi kowane gandu girma a ƙasar Ghana. An keɓe wurin a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971.

Me ya sa sai da hunturu? Domin ciyawa ta bushe, rafuka sun ƙafe, dabbobi ba su da zaɓi sai su taru a 'yan tafkunan da suka rage. Giwaye, gadu, maraya, duk ga su a fili. Wato kyakkyawan hoton da kake nema, ƙishirwarsu ce ta kawo maka shi.

A Mole ba ka shiga daji da ƙafa kai kaɗai. Ma'aikacin gandu yana gaba da bindiga, shi ne zai ce maka, "Tsaya nan." To, a ce kai ne. Ka biya kuɗin mota, ka kwana a hanya, ga giwa can bakin ruwa, amma a cikin wayarka ta fito ƙarama kamar akuya. Zuciya ta ce, ƙara taku goma. Ko ka sunna wa mutumin wani abu a hannu ya kau da kai. Laifi ne? Ba sata ka yi ba, ba kisa ka yi ba, hoto ne kawai. Har ma wani zai ce ai Allah ya ba mutum mulki bisa dabbobi.

Gaskiya ne, ya bayar. Amma ka ci gaba da karatu zuwa sura ta biyu. Allah ya sa Adamu a gonar domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Mulkin wakili aka ba shi, gona kuwa ta Mai ita ce. Babbar giwa tana shan ruwa fiye da lita 100 a rana. In ka tsorata ta ta bar tafkin, kai ka sami hotonka, ita ta koma da ƙishi. In kuwa ta fusata ta taso, ma'aikacin nan da ka ba cin hanci shi ne zai zaɓa tsakanin ranka da nata, aikinsa da abincin 'ya'yansa kuma suna kan siraɗi.

Ni a ganina, abin da ya fi wuya shi ne mu yarda cewa akwai halittar da ba domin idonmu aka yi ta ba. A Ayuba sura 39, Ubangiji ya yi ta tambayar Ayuba game da awakin dutse da jakin jeji, dabbobin da suke haihuwa, suke kiwo, ba wanda ya gani sai shi. Bai jira mai ɗaukar hoto ba kafin ya ji daɗinsu.

Saboda haka in ka je Mole bana, ma'aikacin ya ɗaga hannu, tsaya inda ya ce. Sauke wayar, ka bar giwar ta gama shan ruwanta.