Ƙoƙon Kava da Ɗigon da Ake Zubarwa Ƙasa

A tsibiran Polinesiya da ke tsakiyar Tekun Fasifik, musamman Tonga da Samowa, akwai wani abin sha da ake kira kava, wanda ba a naɗa sarki, ba a kuma sauke baƙo mai alfarma, sai an zauna a kansa. Saiwa ce ta wani tsiro dangin masoro, ana daka ta, a dama da ruwa cikin babban akushi, a tace da zaren ɓawon itace, sa'an nan a riƙa miƙawa cikin ƙoƙon kwakwa, ana kiran sunan kowane mai sha bisa muƙaminsa, ta yadda wanda ya halarci majalisin, ko da bai san kowa ba, zai tashi ya san wane ne gaba da wane. Haka aka yi wa Sarkin Tonga, Tupou na Shida, a Nuku'alofa cikin 2015, kafin a ɗora masa kambi a coci.

Mutanen Tonga suna da wata hikaya game da asalin kava, mai ban tausayi ƙwarai. Sun ce wasu matalauta a tsibirin 'Eueiki, da sarki ya sauka gare su lokacin yunwa, suka rasa abin liyafa, sai suka yanka 'yarsu kuturwa mai suna Kava. Da sarki ya ji, ya ƙi ci, ya umarta a bar ta a binne, daga kabarinta kuwa tsiro biyu suka fito, kava mai ɗaci da rake mai zaƙi. Ko mai hankali bai gaskata labarin ba, zai fahimci maƙasudinsa, watau cewa biyayyar talaka da tausayin sarki alƙawari ne guda, wanda ake sabunta shi duk sa'ad da aka ɗaga ƙoƙo.

To, mene ne hukuncin kava ga Musulmi? Tambayar ba ta shaci-faɗi ba ce, domin a Fiji, maƙwabciyar Tonga da Samowa, akwai Musulmi jikokin leburorin da Ingila ta kwaso daga Indiya tsakanin 1879 da 1916, kava kuwa yana kewaye da su. Malaman usulu sun koya mana cewa illar haramcin giya ita ce gushewar hankali, kuma ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta tabbata. Kava ba a tsima shi, babu barasa cikinsa. Yana kashe harshe da leɓe, ya saki jijiyoyi, ya sanya natsuwa, alhali mai shan kaɗan yana cikin hayyacinsa, ko da yake wanda ya kwana a kansa ƙafafunsa kan yi nauyi, fatarsa kuma ta bushe idan ya dawwama. Mu tuna an taɓa hana gahawa a Makka cikin 1511, daga baya fuƙaha'u suka sassauta, da suka gane an yi wa shari'a gaggawa. A ganina nan magana ta fi karkata ga israfi da cutarwa, da kuma sallar asuba da ake makara.

Abin da ya fi mini nauyi wani ne daban. A Samowa, kafin mutum ya kurɓa, yakan zubar da ɗan ɗigo ƙasa, wanda a zamanin da hadaya ce ga abubuwan bautarsu da magabata, bayan zuwan mishan a 1830 kuwa sai aka mai da ita ga Ubangiji bisa fahimtar Nasara, aikin hannu bai sauya ba, niyya ce kawai ta juya. Shin niyya tana wanke aikin da tushensa shirka ne? Ita niyya tana ɗaga al'ada zuwa ibada, amma ba ta ƙago ibadar da ba a shar'anta ba, kuma ba mu san wata kusanta ga Allah ta hanyar zubar da abin sha ba. Saboda haka baƙo Musulmi, in ya natsu da halaccinsa, ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ya girmama masu masauki, ya sha, amma ɗigon nan ya bar wa masu shi.